Shekarar da Akushi Ya Koma a Rufe

Ku 'ya'yana kun taso da labari guda a bakinku, wai kawunku Lawali ya sayar da babanku saboda kujerar babbar kotu. 'Ya'yan kawun naku su ma sun taso da nasu, wai babanku ya tozarta ubansu a gaban jama'a har ya koma ga Allah da abin a ransa. Kowane ɓangare ya riƙe rabin magana yana ta tunƙaho da ita, ni kuwa da nake tsakiya, ƙanwar wannan kuma matar wancan, babu wanda ya taɓa zama ya tambaye ni. To tun da ba ku tambaya ba zan faɗa da kaina, domin na ga an sake kaɗa gangar siyasa, na kuma ga yadda kuke yaƙar juna a waya a kan mutanen da ko sunan unguwarku ba su sani ba.

Yaya Lawali da babanku abokai ne tun a Furfuri, tun ban san hannun damana ba. Tare suka shiga makaranta, Yaya ya zarce har ya karanta shari'a, babanku kuwa ya ce shi kujerar aji tana ci masa baya, ya bi mota. Da mahaifinmu ya rasu Yaya ne ya zama waliyyina. Dangi sun yi ta surutu, wai ta yaya za a ɗauki yarinyar da ta yi karatun malanta a ba direba. Yaya ya ce shi bai san wani namiji da zai riƙe masa amana kamar wannan direban ba, aka ɗaura. Da Allah ya hore musu suka yi gini a Tudun Wada cikin Gusau, katanga ɗaya ta raba mu. A lokacin da nake ba ku labari Yaya yana alƙalin majistare a Tsafe, babanku kuma shi ne shugaban ƙungiyar direbobi na tasharmu, rassan Tsafe da Bungudu duk suna jin maganarsa. Gari duk Ciyaman ake ce masa. Yaya kaɗai ke kiransa Direba, shi kuma ya rama da Mai shari'a. Kullum da safe gidan gaba na motar farko mai zuwa Tsafe na Yaya ne, ko wane ne ya riga zuwa sai ya koma baya. Wannan kafin hanyar Tsafe ta zama abin da ta zama ne, lokacin da mutum ke fita ba tare da an bi shi da addu'a kamar mai tafiya yaƙi ba.

A lungunmu ana ciyayya. Ku na yanzu kowa ya ƙule a ɗaki da kwanonsa da wayarsa, don haka bari in bayyana. Bayan Magariba magidanta su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Alhaji Mande, dattijon lungun, kowane gida ya fito da tuwonsa, a jera, a ci gaba ɗaya. Abin kunya ne mutum ya tsaya a kan kwanon gidansa, kuma babban abin kunya ne ga mace kwanonta ya dawo ba a taɓa ba. Innarmu tana da akushi biyu baƙaƙe iri ɗaya, ta ba ni ɗaya, ta ba Saratu matar Yaya ɗaya. Yaya akushina yake fara jawowa, yana cewa miyar Saratu ba ta jin daddawa. Babanku kuma na Saratu yake fara jawowa, yana cewa tuwona in an jefi kare da shi sai ya suma. Ƙarya duk suke yi, mu mun sani, su ma sun sani. In akushina ya dawo ina gane hannun Yaya a ciki, domin shi daga gefe yake yankar tuwo a tsanake, ya bar tsakiya kamar yana jiran a ɗaukaka ƙara.

Shekarar zaɓe ce. Cikin masu neman shugabancin ƙasa akwai wani da ya cika rediyo da magana biyu, ba zan kama sunansa ba, bai isa in ɓata takardata da shi ba. Ta farko a kan ƙungiyoyin ƙwadago ce. A ganinsa sun yi ƙarfi fiye da kima, su rufe asibiti, su rufe makaranta, su tare hanya, don haka in ya ci zai kawo dokar da za ta hana yajin aiki sai da izinin kotu, tashoshin mota kuma a karɓe su daga hannun ƙungiya a ba ma'aikatan gwamnati. Ta biyu a kan naɗin alƙalai ce. Ya yi alkawarin ba zai karɓi sunayen 'ya'yan manya da na 'yan gaban goshin gwamnoni ba, zai duba ƙananan kotuna ya ɗago waɗanda suka daɗe suna aiki ba a taɓa kama su da cin hanci ba. Maganar farko ta soki babanku a ƙahon zuciya. Ta biyun kuwa, ko Yaya bai faɗa ba, ta yi masa daɗi, domin ya gaji da ganin yaran da ya koya wa rubuta hukunci suna tsallake shi su hau sama. Kuma a shekarar an fara raɗe-raɗin cewa sunansa yana cikin waɗanda ake dubawa domin babbar kotu.

Madafata tana jingine da katangar lungu, don haka duk muhawararsu a kunnena ake yi. Babanku ne mai tsokana kullum.

"Mai shari'a, ka ji mutumen naka? Wai sai mun nemi izinin alƙali kahin mu aje mota."

"Ba mutumena ba na, Direba, ni ba ni da mutum. Amma hwaɗi gaskiya, ranad da munka kai Inna asibiti munka ishe ƙohwa ruhe ana yajin aiki, wa yab buɗe muna?"

"Wannan ya yi ciwo, ban musu. To amma tsaya. Shi ka naɗa alƙali, alƙali ka ba da izini. Yaushe za a ba mu? Igiya guda ta, ya ɗaure mu da baki guda, ya ɗaure ku da gudan."

"Ba shi ɗai ka naɗi ba. Akwai majalisad da ka tantance sunaye ta miƙa mai."

"Ita majalisar daga sama taz zo?"

Sai a kwashe da dariya, Alhaji Mande ya ce su ci tuwo su bar mutumin da bai san da zamansu ba. Babanku ba ya bari. Sai ya shiga lissafa abin da ƙungiya take yi, yadda layi ke sa tsohuwar motar talaka ta yi lodi daidai da sabuwar motar mai kuɗi, yadda in direba ya yi haɗari ƙungiya ke tsaya masa, in ya mutu a ajiye motoci a kai shi makwancinsa. Yaya kuma ya ce duk ya yarda, amma ƙungiyar da ba mai iya ce mata ta yi kuskure ita ma sarauta ce. Haka suke yi kullum, murya ta tashi, a wanke hannu, a tafi Isha'i kafaɗa da kafaɗa. Ko sau ɗaya ban ji Yaya ya faɗi wanda zai zaɓa ba.

Da aka sa ranar da ɗan takarar zai zo taro Gusau, ƙungiya ta zauna ta yanke cewa ranar ba motar da za ta ɗauki kowa zuwa filin taro. Babanku ne ya jagoranci zaman, ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai kamar wanda ya ci zaɓen da kansa. A Gusau da Bungudu abin ya tafi lami lafiya. A Tsafe ne aka samu matsala. Wani attajiri mai motoci, ɗan kashenin ɗan takarar, ya kawo motocinsa ya jera a bakin ƙofar tasha ya fara lodi, ba layi ba sallama. Direbobi suka fito hana shi, magana ta zama cacar baki, cacar baki ta zama dambe. Aka fasa gilasan mota, aka rotsa wa ɗaya daga cikin direbobin attajirin kai da ƙarfe. 'Yan sanda suka kwashi mutanen ƙungiya, kuma cikin duk kotunan da Allah ya yi a jihar nan, sai aka kai su gaban Yaya.

Wata safiya babanku ya riga ya fita tasha, ina shara, Yaya ya yi sallama ya shigo da jakar aikinsa. Na shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama.

"Kulu, shari'ar yaran Tsahe tana gabana. Na nemi a ba wani, an ce babu ɗan'uwana cikin waɗanda aka tuhuma, in zauna in yi aikina. Har in ƙare ta, ba ni cin abincin gidanga."

"Abincin ƙanwarka, Yaya?"

"Hannunki na, amma hatsin Ciyaman na. Gari dut ya san yaran nan nashi na. In na sake su, a ce tuwo na ci. In na ɗaure su, a ce na ci tuwon mutum na ci amanatai."

"To ka hwaɗa mai da bakinka."

"In na zauna da shi na ce don shari'a na, na yi maganar shari'a da shi ke nan. Ke ki hwaɗa mai."

Na faɗa masa, a ranar, ban ɓoye ko kalma ba. Ina so ku riƙe wannan, domin an daɗe ana cewa babanku bai san dalili ba. Ya sani. Dariya ya yi har da buga cinya, ya ce Lawali da ya ci tuwon gidan nan tun ana tuƙa shi a murhun duwatsu, yau ne malmala ɗaya za ta saye shi. Ya ɗauka wasa ne irin nasu. Shi ma Yaya ya yi nasa kuskuren lissafin. Da ya zauna a gidansa ya ce aiki ya yi masa yawa, da an wuce wurin. Amma sai ya ga in ya ƙaurace wa tabarma za a ce gaba ce, gara ya fito a gan shi kusa da abokinsa. A kotu Yaya gwani ne, a karatun zuciyar mutane kuwa bai wuce aji ɗaya ba.

Da yamma aka fitar da kwanuka. Ina madafa ina jin ƙarar akushina ana tura shi a kan tabarma.

"Bismilla, Mai shari'a. Ga na ƙanwarka."

"Alhamdu lillahi, Direba."

Na ji an sake turawa. Na ji Yaya ya sake cewa alhamdu lillahi. Sai wani maƙwabcinmu mai sayar da kayan gini, wanda bangon shagonsa ya cika da hotunan ɗan takarar, ya yi 'yar dariya ya ce ai Mai shari'a ya fara aikin babbar kotu tun yanzu. Wasa ya yi, na yarda, amma Allah ya isa tsakanina da wannan wasan. Babanku ya miƙe bai wanke hannu ba ya shigo gida, ya wuce ni ya shige ɗaki. Da akushin ya dawo na buɗe, an ɗan taɓa tsakiya, gefen yana nan sumul. Na zauna a kan turmi na yi kuka, domin ban taɓa ganin gefen nan a haka ba tun da na zo gidan.

Washegari Yaya ya je tasha, ya wuce gidan gaba ya shige baya cikin masu buhuna, ya biya kuɗin mota kamar kowa. Shi a wurinsa tsare gaskiya yake yi. A wurin direbobi kuwa ya nuna ya fi ƙarfin kujerar Ciyaman ke nan. Sai kuma ya ƙi ba da belin mutanen har sai an ga yadda mai rauni zai kasance, domin likita ya ce ransa yana hannun Allah. Matan waɗanda aka tsare suka riƙa zuwa gidanmu da goyo, su zauna a tsakar gida suna kallona, na kuwa san suna kallon ƙanwar alƙali ne. Babanku ya daina fita ciyayya. Ya ce kada akushina ya ƙara taka ƙofar gida. Magana ta zagaye tasha cewa an yi wa Lawali alkawarin kujera in ya karya ƙungiya, har da masu rantsuwa cewa sun ga motar attajirin a ƙofar gidansa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, in akuyarsu ta yi tari muna ji, ban taɓa ganin wannan motar ba.

Aka yi zaɓe, ɗan takarar ya sha ƙasa. Mai rauni ya warke. Bayan nan Yaya ya yanke hukunci: ya sallami dukkan direbobin sai wanda ya ɗaga ƙarfen, shi ya ɗaure shi, ya kuma faɗa a cikin kotu cewa wanda ya zo ya yi lodi a bakin tashar mutane ranar da ya san rai a ɓace yake, shi ma yana da kaso a fitinar. Na ce to alhamdu lillahi, an gama. Na tari babanku da murna, sai ya kalle ni kamar na zage shi.

"Ki bari, Kulu. Ya ga mutumenai ya hwaɗi, shi ya sa. Da ya ci, da yaran nan sun ruɓe gidan yari."

Wannan ita ce maganar da ta kashe mu, domin babu yadda za a yi a ƙaryata ta. Mutumin bai ci ba, ba kuma zai dawo ya ci don a gwada ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Yaya ya sa aka yanka zabo, Saratu ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, aka zuba a akushinta aka kawo gidanmu ana saukowa daga masallaci. Ba saƙo, ba magana, akushin ne maganar. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi. Babanku yana tsaye a tsakar gida da babbar rigarsa ta Juma'a, ya dubi akushin ya ce a mayar. Raina ya ɓaci, bakina kuma kun san shi.

"Ni ban maidawa. Kuma ba ɗan da na haihwa da za shi ɗauki tuwon kawunai shi maida. In kana son a maida, ɗauka da hannunka."

Abin da na lissafa shi ne, mutumin da tun da na aure shi ko cokali bai taɓa ɗauka daga tabarma zuwa madafa ba, Ciyaman guda, ba zai rungumi akushi ya ratsa lungu da rana tsaka ba. Na ce kunya za ta hana shi, ya yi faɗansa ya gaji, in an jima yunwa ta sa ya buɗe. Ya tsaya yana kallona. Sai ya naɗe hannun rigarsa a kafaɗa, ya sunkuya ya ɗauka. Na bi shi har zaure ina kiransa, bai waiwayo ba. Lungu cike yake da masu dawowa daga masallaci. Da yaro ne ya mayar, da Saratu ta karɓa a soro ta rufa asiri, ta ce wa Yaya an ci an gode. Amma sai ga Ciyaman da kansa, a gaban Alhaji Mande da kowa da kowa, ya dire akushin a gaban Yaya da ke zaune a ƙofar gidansa. Ina leƙe ta zaure, na ga Yaya ya ɗaga kai.

"Direba, ko ɗanɗanawa?"

"Alhamdu lillahi, Mai shari'a."

Ya juyo ya dawo. Shekarun da na yi a duniya na faɗi maganganu da yawa da ya kamata in haɗiye, amma babu wadda nake jin ɗacinta a harshena har yau kamar wannan ta ɗauka da hannunka.

Kujerar da aka ce Yaya ya sayar da abokinsa dominta, ko ƙafarta bai gani ba. Attajirin nan yana da mutane a kowace jam'iyya, ya sauya hula tun ba a gama ƙirga ƙuri'a ba, ya kai ƙorafi sama cewa alƙalin Tsafe surukin 'yan tasha ne. Waɗanda suka ci zaɓe kuma sun riga sun ji daga bakin 'yan tasha cewa alƙalin Tsafe mutumin wanda ya faɗi ne. Sunansa ya ɓace daga inda ake dubawa, aka tura shi wata ƙaramar kotu can cikin ƙasar Bungudu. Ya ce zaman lungun ya ishe shi, ya kwashe iyalinsa ya koma gidanmu na gado a Furfuri, nan cikin ƙasar Bungudun. Ranar da ake loda kayansu babanku ya fita tun da asuba, amma motocin da suka zo kwasar kayan na ƙungiya ne, kuma direbobin sun ce an hana su karɓar ko sisi. Ba wanda ya faɗi wanda ya hana.

Haka aka zauna shekara da shekaru. In sun haɗu wurin jana'iza ko ɗaurin aure su yi musabaha, kowa yana kallon gefe. Alhaji Mande ya shiga tsakani har ya rasu bai ci nasara ba. Ni kuwa na zama 'yar aike da ba wanda ya aike ta. In zan tafi Furfuri babanku ya sa a ba ni gidan gaba, a ɗora buhun shinkafa, ya ce na gidan ne, ba zai ce na wane ba. In na isa, Yaya ya gama tambayar kowa da kowa, can a ƙarshe yana kallon ƙasa ya ce ciwon bayan nan na direbobi fa, ya yi sauƙi? Wata rana na kasa daurewa, na tambaye shi ko da mutumin nan ya ci zaɓe hukuncin zai kasance yadda ya yanke.

"Ke ma, Kulu?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce abin da shaidu suka faɗa shi ya bi, da wanda ya ci da wanda ya faɗi ba su ba da shaida a gabansa ba. Sai ya ƙara da abin da ban zata ba.

"Ni ko zaɓenai ban yi ba. Tambayad da Direba yay yi mani, in shi ka naɗa alƙali wa ka ba da izini, na kwana da ita na tashi da ita, ban samu amsa ba har ranar zaɓe."

Na ɗauko wannan magana kamar ƙwai na kawo Gusau. Babanku ya saurara har na gama, idonsa ya kaɗa, na ce yau kam an gama. Sai ya ce in gaskiya ne ya zo ya faɗa da bakinsa. Na koma na faɗa wa Yaya, ya ce shi ya riga ya aika, an dawo masa da aikensa a gaban jama'a, saura wanda ya mayar ya zo ya ɗauka. Manyan mutane biyu masu furfura, Gusau da Furfuri tafiyar da ba ta kai a gama cin rake ba, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Daga baya 'yan siyasar da babanku ya ɗauka nasa ne suka raba ƙungiyar gida biyu, suka tuɓe shi suka ɗora yaronsu. Ya kai ƙara, aka yi ta ɗage shari'ar har ya gaji ya bari. Ranar da ya dawo daga kotu karo na ƙarshe ya zauna yana cire takalmi, na ji ya ce da Mai shari'a ne, sai bai ƙarasa ba. Na ce masa motar Bungudu tana nan tana lodi. Ya ce bayan Salla. Sallar ta zo ta wuce, ya ce in an gama girbi.

Yaya bai jira girbi ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, kafin a ce a kawo shi Gusau rai ya yi halinsa. Da labari ya isa tasha, babanku ba shi da sauran muƙami, amma ya shiga tsakiyar tasha ya ce a ajiye motoci, aka ajiye. Direbobin Gusau da na Bungudu da na Tsafe, har da waɗanda suka kwana a tsare bisa umarnin Yaya, suka yi jerin gwano zuwa Furfuri, abin da ba a yi wa kowa sai ɗan ƙungiya. An ce babanku ya kama makara tun daga ƙofar gida bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta, kuma shi ya shiga kabarin ya karɓe shi.

Ina cikin gida wurin zaman makoki tare da Saratu. Maƙwabta suka kawo abinci, mata suka juye a kwanukan gidan domin a fitar wa maza. Wata da ba ta san komai ba ta jawo akushin nan na Saratu ta cika shi da tuwo. Ni da Saratu muka dubi juna, ba wadda ta hana. Da kwanuka suka dawo, akushin ya dawo a share kamar an wanke. Wanda ya shigo da shi ya ce Ciyaman ne ya jawo shi gabansa, ya hana kowa sa hannu, ya ci shi kaɗai a hankali yana yanka daga gefe, hawaye na sauka a gemunsa, mutane suka kau da kai suka bar shi.

Sai da na gama kwanakina na dawo Gusau muka samu zama. Na kai masa ruwan alwala, ya riƙe butar bai zuba ba.

"Kulu, na ci tuwon."

"Na ga akushin."

"Dut na cinye. Ban rage ko loma ba."

Ya jujjuya butar a hannunsa.

"Amma bai gani ba."

Ban ba shi amsa ba, domin ba ni da ita, har shi ma ya bi abokinsa ban samo ta ba. Ɗan takarar da aka yi duk wannan a kansa bai taɓa jin sunan ɗayansu ba. Kawunku bai sayar da kowa ba, babanku kuma bai daina ƙaunarsa ko na yini ɗaya ba, ni shaida ce a kan duka biyun. Akushina yana nan a ƙarƙashin gadona, na Saratu yana Furfuri. 'Ya'yan kawunku suna can da ransu, kuma idonsu yana gani.